Yadda Za Ka Hana Ɓarawo Zama Kai a Wayar Gwaggonka

Kai mai waya a aljihu da dangi a cikinta, matso kusa. Idan ka bi matakan nan biyar, na ba ka tabbaci babu ɗan damfarar da zai ɗauki sunanka da hotonka ya ci riba da su. Ban koyi wannan a makaranta ba. A kan yayana kafinta na koya, kuma shi ya sha wahalar karatun.

Mataki na ɗaya: Ka ji tsoron mai girmama ka.

Wata rana yaya yana tsakiyar goge katako aka kira shi. Mai kiran ya ce daga kamfanin waya yake, za a turo lambobi shida, a taimaka a karanto masa don sabunta layi. Yaya mutum ne da ko ƙusa ba ya bayarwa aro, amma ya karanto su tsaf, har da maimaitawa. Da na tambaye shi dalili, sai ya sunkuyar da kai ya ce mutumin ya kira shi Injiniya.

Kafin ya karkaɗe garin katako daga rigarsa, shafinsa na hira ya koma hannun wani, da hotonsa da lambobin dangi gaba ɗaya. Saboda haka duk wanda ya ƙara maka muƙami a waya, kashe kiran.

Mataki na biyu: Ka ɓata halinka tun da wuri.

Masana za su ce ka sa kalmar sirri mai wuya. Ka sa, ba laifi. Amma ɓarawo yana iya kwaikwayon mutumin kirki cikin minti biyu, domin mutanen kirki duk kama suke da juna. Mugun hali ne kowa da irin nasa.

Yaya ya shekara ashirin bai gai da kowa a waya ba. In ka rubuta masa sallama mai layi huɗu, amsarsa ita ce "To". Sai ga sabon yaya ya waye gari yana tambayar Gwaggo, ƙanwar mahaifinmu, yadda ta kwana da ciwon gwiwa. Washegari ya sake. Rana ta uku har da addu'a.

Mataki na uku: Ka bar wa dangi wani laifi da za su gane ka da shi.

A rana ta huɗu ɓarawon ya fito da abin da ya kawo shi. Ya ce ya samo wa Gwaggo wani asibiti da ake duba gwiwa kyauta, ta ɗauki hoton katin shaidarta gaba da baya ta turo, kuma in lambobi sun shigo wayarta ta karanto masa. Da ta yi haka, da ita ma an tafi da sunanta, an buɗe abin da aka ga dama da shi, tana zaune a ɗaki ba ta sani ba.

Gwaggo ta ɗauko katin daga ƙarƙashin katifa, ta sa tabarau. Sai ta rubuta masa tambaya ɗaya: ina kujerarta da ke shagonsa shekara uku ke nan? Amsa ta zo nan take, yana roƙon ta yafe masa, ya yi kuskure, gobe da safe zai kawo da kansa.

Ta mayar da katin ƙarƙashin katifa. Ɗan yayanta na gaskiya amsa ɗaya gare shi tun shekara uku, "ana kan aiki", kuma bai taɓa ba kowa haƙuri a kan kaya ba.

(Na daɗe ina juya wannan a raina. Saɓa alkawari laifi ne, amma shi ya ceci tsohuwa. To ladan na wane ne? Har yau ban sami amsa ba.)

Mataki na huɗu: Ka je da ƙafarka.

Da yaya ya karɓo shafinsa, na tisa shi gaba muka bi dangi gida gida muna gargaɗi. Da muka isa wurin Gwaggo, ya tsuguna yana rantsuwa ba shi ne ya nemi katinta ba.

"Tashi, na sani," in ji ta. "Kai da ko na mutu sai ka gama fenti za ka zo."

Yaya ya ce ai yanzu an kori ɓarawon, hankalinta ya kwanta. Ta dube shi ta saman tabarau.

"Wa ya ce ka kore shi? Yaron nan kullum sai ya tambayi gwiwata. Tunda ka raba ni da shi, aikinsa ya dawo kanka."

Mataki na biyar: Kada ka shiryu farat ɗaya.

Maganar ta shiga yaya. Da safe ya zauna a kan bencin shago, ya shafe rabin sa'a yana rubutu da yatsa ɗaya. Ya yi sallama, ya tambayi gwiwa, ya nemi gafarar shekarun baya, ya rufe da addu'a. Ya nuna mini, ni kaina sai da idona ya kawo ruwa.

Gwaggo ta karanta, ta toshe lambarsa, sannan ta kira dangi ɗaya bayan ɗaya tana cewa kowa ya ɓoye katinsa, ɓarawon ya dawo.

Sanarwa: Mai wannan rubutu ba shi da hannu a duk abin da ya biyo baya. In ka bi matakan nan sunanka zai tsira, amma ban yi alkawarin wani zai so ya ji shi ba. In kuma ka tuba aka toshe ka, kada ka zo wurina neman shaida. Na je na yi wa yaya shaida, Gwaggo ta ce ni ma kwanan nan ladabina ya yi yawa.