Ranar da Gwaggo Ta Kunna Talabijin

Wani ne, mai sayar da tabarau, irinmu sak: idan aka tambaye shi abin da bai sani ba, gara ya mutu da ya ce bai sani ba. Ya samu yarinyar da yake so kamar ransa, malamar asibiti. To yarinyar nan, gwaggonta ce ta rene ta, kuma ba a yin komai sai da amincewar gwaggon. Gwaggon nan shekara talatin ta yi tana koya wa 'yan mata motsa jiki a makaranta. Manema biyu ta kora kafin shi.

Da yarinyar ta ce masa Gwaggo ba ta da hira sai ta wasan alkafura, bakinsa ya riga hankalinsa. Ya ce ai shi tun yana ƙarami yake bin wasan. Ta ji daɗi, ta ce to ya zo ranar Asabar, ranar ake wasan ƙarshe.

Gogan naka ko sau ɗaya bai taɓa kallo ba. Ya garzaya wurin abokinsa mai aski, wanda shi ma rabin saninsa ƙarya ce. Mai aski ya ce kada ya damu, gwanayen biyu ne kawai. Ɗaya ƙarfi gare ta, tsalle kamar an harba ta. Ɗayar kuma salo da natsuwa. Ya riƙe wannan, ya riƙa gyaɗa kai, shi ke nan.

Ranar Asabar ya sha wanka, ya shiga falon Gwaggo, ya zauna a bakin kujera. Gumi har cikin takalmi. Gwaggo ta amsa gaisuwa a gajarce, ta ƙara sautin talabijin.

Sai ga wata gajeruwa, dirarriya, cikin jan kaya. Ta sheƙo a guje, ta doka katakon tsalle, ta tashi sama, ta juya sau nawa Allah kaɗai ya sani, ta diro. Ƙafarta ɗaya ta ɗan goce.

"Ɗana, ya ka gani?" in ji Gwaggo.

"Ƙarfi ne zalla, Gwaggo. Amma garaje ya yi mata yawa. Bari ɗayar ta zo ki ga aiki."

Bai rufe baki ba masu talabijin suka maimaita tsallen, wannan karon a hankali, yadda suke yi don mai kallo ya gani da kyau. Mutumin bai san ana haka ba. Ya gyara tabarau, ya matso.

"Yauwa, ga gwanar. Dubi natsuwa. Ko gudun ma ba ta yi da gaggawa."

Yarinyar, tana zuba masa ruwa, ta yi tari. Bai kula ba. Ya ce a duba yadda gwanar take tsayawa a iska kamar ta manta da ƙasa, waccan ta farkon ko ta shekara tana koyo ba za ta iya ba. Gwaggo ta juyo ta dube shi sosai. Shi kuwa ya ɗauka burge ta ya yi, kansa ya ƙara girma.

Ta tambaye shi, cikin sanyin murya, ya aka yi kayansu iri ɗaya. Ya ce tela ɗaya ke musu ɗinki. Ta ce to fuskar fa? Ya ce masu wasan nan in sun daɗe tare kama suke yi. Da ƙafar ta goce a wurin dira, daidai inda ta goce ɗazu, ya girgiza kai cike da takaici, ya ce ka ji illar zama da marar natsuwa, har ta koya mata.

Yarinyar ta taka masa ƙafa. Ya janye ƙafar, ya ce mata ba komai.

Aka sake nuna tsallen, yanzu daga sama. Nan ya ɗan rikice, don gwanaye biyu mai aski ya ce masa. Amma ya dake. Ya ce wannan ƙanwarsu ce, tana da gaba, sai dai kai ya yi mata girma.

Can sai ga wata doguwa siririya cikin farin kaya ta fito, ta ɗaga hannu, jama'a suka ɗauki tafi.

"Wannan kuma daga ina? Ta makara, an gama," in ji gogan.

Yarinyar ta sunkuyo, kamar za ta yi kuka, ta raɗa masa cewa wannan ce ta biyun. Duk waɗanda ya yi ta yabo da kushewa mace ɗaya ce, maimaitawa ake yi.

Wallahi ya ji kamar kujerar ta haɗiye shi. Ya ga aure yana tafiya yana ɗaga masa hannu. Ya cire tabarau, ya goge, ya mayar. Ya ce, da 'yar muryar da ta rage masa, "Gwaggo, a yi haƙuri. Yanzu ya maganarmu?"

Gwaggo ba ta ɗauke ido daga talabijin ba.

"Tashi ka fita, ɗana, ka sake shigowa sannu-sannu. Wataƙila na biyun ya fi ka."