Yadda Ake Sauya Birkin Motar Marigayi Ba Tare da Bakanike Ba

Da hantsi ake fara wannan aiki, ranar da aka kwana ana ruwa, gari ya yi luf, rana ta leƙo ba zafi. A irin wannan lokaci ne mutum yake jin babu abin da ya fi ƙarfinsa. Ka bi abin da zan faɗa maka daki-daki, na yi maka alkawari kafin magariba motar za ta tsaya. Yadda za ta tsaya kuwa, wannan na Allah ne.

Ga yadda zancen yake. Mahaifinku ya rasu ya bar tsohuwar mota a rumfar tsakar gida, mai dogon hanci da kujerar gaba kamar benci, wadda a cikinta ka fara riƙe sitiyari kana kan cinyarsa. Ta yi shekaru a lulluɓe. Injin ya tashi da batirin aro, amma birki ya mutu murus. Yayanka ya ce yau da la'asar zai zo ya gani: in ta tsaya, ta zauna a gida, in ba ta tsaya ba, 'yan gwangwan su zo su yanka ta. Kai kuma ka bugi ƙirji a gaban kowa. Madalla.

1. Yaye tamfol da ladabi

Yi sallama tukuna, da mutane a ciki. Ɓera ya yi aure a ƙarƙashin kujera, ya haihu, har ya aurar. Kada ka daka masa tsawa, ya fi ka daɗewa a motar nan. Buɗe ƙofa ka kau da kai, su kwashe kayansu cikin mutunci.

2. Kori duk wanda ya san aikin

Bakaniken bakin titi zai gan ka da jak a kafaɗa, ya ce, "Maigida, ko in leƙo?" Ce masa, "Haba, ɗan ƙaramin abu ne, na kalla a waya." Ai kuwa ka kalla. Wani mutum ne mai farar riga ya kwance birki ya mayar kafin shayinka ya huce, ko farcensa bai yi baƙi ba. An ce matambayi ba ya ɓata. Gaskiya ne, amma ana raina shi.

3. Cire taya, ka shiga ciki

Notunan za su ƙi motsi. Kada ka zarge su. Tsatsa ba cuta ba ce, zumunci ne tsakanin ƙarfe da ƙarfe, kai ne ka zo raba su da rana tsaka. Sa sifana ka hau kanta da ƙafa biyu. In ta zame ka daki ƙasa da gwiwa, tashi ka dubi sama kamar kana duba hadari.

Bayan taya akwai wani kwanon ƙarfe da ya rufe birkin. Lallashe shi da guduma. Da ya fita, wasu 'yan sifirin, murɗaɗɗun wayoyin nan, za su yi tsalle, kowa ya kama gabansa. Kada ka tsaya lura da inda kowanne yake tun farko, wannan aikin matsorata ne. Cire tsoffin takalman birki, sa sababbi, mayar da abin da ka tsinto. In wani ƙarfe ya yi saura a hannunka, jefa shi aljihu. Masu ƙera mota sun cika almubazzaranci.

4. Nemo ƙafa

Saura fitar da iska daga cikin man birki, shi kuwa ba ya yiwuwa da mutum ɗaya. Wani zai zauna a kujerar direba yana taka birki, kai kana kwance a ƙasa kana buɗe wani ɗan noti, iska ta fita, ka rufe, sannan ya saki ƙafa. Kalma uku ce duka aikin: taka, riƙe, saki.

Kira matarka. Za ta fito hannunta duk kumfar wanki, ta ce, "Injiniya, an gama ke nan? Ban ji ihu ba tun ɗazu." Yi haƙuri da ita, ƙafarta kake nema, ba bakinta ba.

5. Ɗaga murya, ka riƙa ƙirgawa

Daga ƙarƙashin mota ba a jin mutum sosai, don haka buɗe maƙogwaro. Don kada lissafi ya ɓace maka, riƙa haɗawa da lamba.

"Taka! Riƙe! Saki ɗaya!"

"Na ji!"

"Saki biyu!"

A daidai nan maƙwabciyarku, wadda ke shanya a bayan katanga, za ta daina yarfa zane. Kada ka kula. Ci gaba.

"Saki uku!"

Matarka za ta leƙo ta taga ta ce, "Don girman Allah ka sake ni in tafi, na gaji da wahalar nan." Kai kuma, da yake mutumin kirki ne, ka amsa da ƙarfi yadda za ta ji: "To na sake ki, je ki!"

Za ka ji bokiti ya faɗi a bayan katanga. Ba naka ba ne.

6. Tarbi surukarka daga kwance

Ba za ta daɗe ba, waya ta fi mota sauri. Takalmanta za ka fara gani a gefen taya, ɗaya ma ba nata ba ne, don gaggawa. Jawo jiki ka fito, fuska duk baƙin mai, ka durƙusa.

"Umma, sannu da zuwa. Lafiya kuwa?"

"Ni za ka tambaya lafiya? Har uku! A tsakar gida, kamar mai tallan kaya!"

"Wallahi Umma birki ne."

"Ai na ga alama. Birkin bakinka ne ya tsinke."

Dubi matarka don ta cece ka. Za ta rufe baki da gefen mayafi, kafaɗunta suna rawa, ta ce, "Ni dai Umma, na ji da kunnena." Sai ta ga idonka ya kawo ruwa sannan za ta yi bayani. Umma za ta dubi motar, ta dube ka, ta ce, "Allah ya shirya," su shige ciki. A cikin wannan hidima za ka manta ba ka ɗaure ɗan notin nan ba. Kada ka damu, iska ba ta manta ba, ta koma ɗakinta.

7. Gwaji

Mayar da taya. Yaya zai iso ya tsaya a gaban mota, ya harɗe hannu, ya ce, "To bismilla. Ja da baya, ka tsaya."

Ja da baya. Tsakar gidanku gangare ne, ƙarshensa katanga. Taka birki. Ƙafarka za ta nutse har ƙasa kamar ka taka laka. Sake takawa. Ja birkin hannu, ya biyo ka. Yi wa Yaya murmushi ta gilashi, ka riƙa salati a zuci, ka tuna ƙamshin hular Baba da har yanzu bai bar rufin motar ba.

Sai ka ji kif. Ta tsaya.

Yaya zai shafa hancin motar, ya ce, "Ashe da sauranta. Bar ta." Fito a hankali. Ce masa, "Ai na faɗa maka."

Sanarwa

Ni dai na ce za ta tsaya, ta kuma tsaya. Ban ce ka fita titi da ita ba, ban ce ka ɗauki ɗan kowa ba. Abin da ya shiga tsakaninka da surukarka, da maƙwabciya, da bakaniken da gobe za ka je wa da sassafe kana sosa ƙeya, babu hannuna babu ƙafata. Rabin bulon da ke bayan tayar hagu ma ba ni na sa ba. Matarka ce ta zo wucewa da kwandon shanya, ta tura shi da ƙafa, ko waiwaye ba ta yi ba, ta tafi kwashe kayanta kafin hadari ya dawo.