Amawalin Baba Da Takunkumin Likita

Matso kusa ka ji, don ko zan manta da komai ba zan taɓa mantawa da wannan ba. Shekarar da fari ya cinye mana awaki, ciwon ƙirji ya kayar da surukina, baban maigidana Malam. Daga Tanut aka sa shi a mota sai asibiti a Damagaram, numfashi yana fita kamar ana zuga zugazugin maƙera. Ni kuwa, da ko kasuwa ban cika zuwa ba, na ɗaure zane na ce ni zan yi jinya (so nake dangi su ce Malam ya yi dacen mata, kar in ɓoye maka).

Lokotoro, wato likita, ya kawo tukunyar iska da wani ƙoƙon roba mai kama da takunkumin raƙumi, ya ɗaura masa a hanci da baki. Ya ce sai ya manne da fata, in iska na zurarewa aikin banza ne. In kuma wannan bai yi ba, sai a zura masa tiyo ta maƙogwaro, kuma ba kowane tsoho ke tashi daga nan ba.

Na kafa tabarma dab da gadon, ina fifita, ina "sannu Baba". Amma duk zuwan lokotoro sai ya tarar leɓen tsoho ya ƙara duhu, iska na fita ta gefe, fuuu. Na miƙe a gaban ƴan ɗaki na ce, "Likita, abin nan naku ya huje! Ku kawo na kirki, mu ma mutane ne."

Lokotoro ya matso bakin gadon. Ya ɗaga ƙoƙon, sai ga amawali cushe a ƙarƙashi. Ashe da ya juya baya, Baba ke jan rawaninsa ya rufe baki. Mutumin da ya yi ƙuruciyarsa cikin ayarin Buzaye, ai ba ya buɗe baki gaban suruka.

Goggo Hajo, ƙanwarsa, da isowarta ke nan, ta dafe kai. "Ke ƴar nan! Ke ce hujin! Tashi ki ba shi wuri kafin kunya ta kashe mini wa."

Ɗaki ya kwashe da dariya, har wani mai karyayyar ƙafa yana riƙe ciki. Na fita takalmi a hannu. Ban daɗe a gindin bishiyar bedi a waje ba Goggo ta leƙo ta ce numfashi ya fara daidaita, an fasa zura masa tiyon.

Ya warke, ya ƙara shekaru masu albarka. Kullum na kai masa fura sai ya ja amawali, idonsa na dariya, ya ce, "Ajiye daga nan, likita."

Tun ranar na gane wata jinyar daga bakin ƙofa ake yin ta. Kai fa, ba ka taɓa zaune wa wani a kan numfashi ba, kana jiran a ce maka sannu da ƙoƙari?