Ranar da Gogen Ingila Ya Watsa Kasuwar Konni

Ba zan taɓa mantawa da Larabar da aka ba ni gwaji a gidan rediyon garinmu ba. Na daɗe ina neman aikin, har darakta ya gaji da ganina a buro, wato ofishinsa, ya ce, "To, ga awa guda da safe. In ka yi da kyau, filin naka ne."

Ina da wani faifai da malamina na lakwal, wato makarantar boko, ya ba ni: kiɗan wani Baturen Ingila, wanda ya tsara tun kafin yaƙin duniya na farko. Goge ɗaya ne ke kuka, taron makaɗa na amsa masa. Ni kuwa ina son a san na waye (a lokacin har gilashi nake sawa, alhali idona garau). Malamin ya taɓa gaya mini cewa masu wannan kiɗa ba sa magana a tsakiyarsa, ko tafi ba a yi. Saboda haka na sa faifan ban ce uffan ba, na kashe waya, na kulle ƙofa, na rufe ido ina kaɗa kai.

Abin da na manta shi ne, a ƙasarmu idan rediyo ya daina magana ya koma kiɗan Turawa mai sanyi, abu biyu ne: ko wani babba ya rasu, ko sojoji sun karɓi mulki. Kuma ranar kasuwa ce.

Gogen na cikin kukansa aka fara dukan ƙofa. Ina buɗewa na ga darakta, hula a karkace, da jandarma biyu, da wani Alhaji mai motocin haya na hanyar garin Dogarawa yana haki.

"Yaro, wa ya rasu?" in ji Alhaji. "Direbobina duk sun juya, masu shaguna sun ja ƙyamare!"

Na ce, "Baba Alhaji, ba wanda ya rasu. Kiɗa ne na Ingila."

"Kiɗa? Wanga abu kiɗa na? Ka kashe muna kasuwa don kiɗa?"

Wata Bafulatana ta leƙo da ƙwarya a kai ta ce abokan tallarta sun gudu ruga, nononta ko ludayi ɗaya ba a saya ba. Wannan ta fi yi mini ciwo, wallahi. Na so ƙasa ta tsage in shige.

Darakta ya zauna da kansa ya sanar cewa gari lafiya lau, sannan ya miƙo mini faifaina ba tare da ya dube ni ba. Filin kuwa aka ba wani mai gaishe-gaishe, yana nan har yau.

Har yanzu ina son kiɗan nan, amma a kunne nake sa shi, ni kaɗai. In na ratsa tasha kuwa sai kamasho su ɗaga murya: "Mai goge, yau kuma wa ya rasu?" Nakan ce musu aikina ne ya rasu.