Rasuwar Dattijo, Tulun Pito na Ɗakin Assibi

Da zuciya cike da baƙin ciki, da hannun da ya rasa abin kamawa, ni Assibi matar Awuni, mazauniyar Glenwood a nan Greensboro, nake sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar tulunmu na pito, giyar dawa, wanda kowa ya sani da suna Dattijo. Ya rasu a baranda cikin sanyin Janairun nan na 2009, shi kaɗai, ba kowa a kansa.

An gina marigayin a Bawku, can arewacin Gana, da yumɓun bakin rafi. Mahaifiyata, Mama Bebi, ta yi shekaru tana zuba masa dafaffen ruwan dawa har jikinsa ya sha ya riƙe, ta yadda ba sai an nemo masa yisti ba. A zuba kawai a rufe, shi ya san sauran. Ranar da zan taso Amurka ta naɗe shi da zannuwanta, ta cusa mini a akwati. Na bar rabin kayana saboda shi, ban kuma taɓa yin da-na-sani ba.

Kwanakinsa na jin daɗi a East Greensboro ya yi su, a gidan haya mai fili ta baya. Can nake shanya tsiron dawa a rana, in dafa a babbar tukunya a waje, shi kuwa yana kusurwarsa a gareji, zaune kan gammo kamar mai gari. Ba mai hayaniya ba ne. Idan aiki ya kama sai a ji shi ƙasa-ƙasa, ɓul, ɓul-ɓul, ɓul. Kashegari ya koma tsss, kumfa ta taso har wuya. Ran Lahadi bayan an tashi coci, mutanenmu na arewacin Gana da na kudancin Kaduna sukan cika filin, ƙwarya tana zagayawa. Wanda ya yi mako yana murɗa harshe da Turanci a wurin aiki, a gaban Dattijo yake sauke kayansa. Bai taɓa korar baƙo ba, bai kuma taɓa maimaita abin da ya ji ba.

Ciwon ajali ya soma ne lokacin da aka rufe masana'antar da maigida yake aiki. Muka tattara muka koma ɗaki guda a bene, cikin ɗalibai. Allah ya sani na yi iya ƙoƙarina. Na jiƙa dawa a bahon wanka, na shanya tsiro a kan gado da rana, na dafa kaɗan-kaɗan a ƙananan tukwane har ƙafafuna suka kumbura. Wurin zaman Dattijo ne ya gagara. Ƙarƙashin wurin wanke-wanke ya yi masa kaɗan. Na kai shi cikin kabad, rigar aikina ta ɗauki ƙamshinsa, shugabata a gidan kula da tsofaffi ta ja ni gefe tana shinshina ni. Na mayar da shi baho, ya zama kullum sai maigida ya ɗaga shi kafin ya yi wanka, mutumin da dama bayansa ba lafiya. Na ajiye shi bayan ƙofa, ƙofa ta daina buɗuwa sai rabi, Anti Roseline kuwa, 'yar cocinmu mai jiki, ba ta wucewa ta rabin ƙofa.

Sannan manajan gidan ya hau bene ya ce maƙwabta sun kai ƙarar wari, in ba a fitar da abin ba, mu ne za mu fita. Maigida ya dube ni, na dube shi. Ba mu da inda za mu. Na ɗauki Dattijo na kai shi baranda, na rufe bakinsa da faranti, na lulluɓe shi da bargonmu mai kauri.

Ina wurin aiki iska ta ture farantin. Ruwan sama ya cika shi, sanyi ya biyo baya. Da na dawo na ɗaga bargon, sai na tarar da ƙanƙara tsaye da siffar cikinsa, shi kuma ya rabe ya kwanta gefe da gefe. Na zauna a ƙasa da rigar aikina. Hajiya Aissa, maƙwabciyata 'yar Maraɗi, wadda ko ƙamshin pito ba ta so, ita ta fito ta taya ni tsince shi cikin zaninta. Ta ce, “Assibi, abin cikinsa dai ba nawa ba ne, amma na san tulun uwa. Sai haƙuri.”

An gwada gam iri-iri. An zuba ruwa, ya tsiyaye ta ko'ina. Muka haƙura.

Marigayin ya bar gammonsa, da muciya, da matacin da ya tsufa tare da shi, da ƙore da ludayin duma waɗanda yanzu suke kife a kan firji. Ya bar farin bokitin roba da maigida ya sayo don ya gaje shi. An zuba wa bokitin, ya yi shiru kamar ba a gida yake ba, abin da ya fito kuwa Awuni ya kurɓa sau ɗaya ya ajiye.

Za a yi jana'iza ran Lahadi bayan coci, a bayan gidan Anti Roseline, gindin bishiyar da ke jikin shinge, tunda mu ba mu da ko taku ɗaya na ƙasa a garin nan. Mai mota ya taimaka ya ɗauki marasa mota daga tashar bas. Masu son yin gaisuwa a ɗaki su riƙa hawowa bibbiyu, sauran su jira a matakala.

Za a raba lemon kwalba. Ina roƙo kada kowa ya tambaye ni yaushe za a sake dafawa, don ban sani ba.