Birkin Kamar-Shi

A wani gari da ake kira Tsaya-Mu-Gani, gidaje suna kan tudu, kasuwa kuma tana can ƙasa, saboda haka kowa ya dogara da 'yan acaba da birkinsu.

Wata shekara Majalisar Amin-Amin ta zauna ta gano cewa takalmin birki na kamfani ya cika daɗewa, kuma daɗewar nan tana kashe kasuwa. Aka hana shigo da shi. Aka ba Alhaji Sambo, surukin Shugaban Gari, izinin kawo wani birki mai suna Kamar-Shi. Kwalinsa ma ya fi na asalin kyau.

Da birkin Jatau ɗan acaba ya cinye, ya tura babur wurin Talle bakanike. Talle ya kwance tsohon, ya ɗaura sabo, ya goge hannu.

"Oga Talle, yana kamawa kuwa?" in ji Jatau.

"Yana ƙara dai," Talle ya ce. "Duk wanda ke gabanka zai ji ka."

Haka kuwa aka yi. In ka taka, sai ya yi kuka mai daɗi, babur ya ci gaba da tafiyarsa. Mutanen gari ba su da rigima, nan da nan suka saba. Mai zuwa asibiti sai ya ce a sauke shi a makaranta, sai babur ya tsaya da shi can gaba, daidai ƙofar asibiti. Masu tumatir suka janye tirensu daga bakin hanya. 'Yan acaba suka koma ja da ƙafa, silifa ta yi tsada, sai ga Alhaji Sambo ya buɗe shagon silifa.

Ranar kasuwa Jatau ya ɗauko buhun gero, ya wuce kasuwar gaba ɗaya, ya faɗa kwalbati. Ƙafa ta karye. Da ya fara dogara sanda ya kai kuka Hukumar Rage Gudu.

Sakataren hukumar ya saurare shi da fara'a. "Malam Jatau, birkin ya yi ƙara ko bai yi ba?"

"Ya yi, ranka ya daɗe."

"To ya yi aikinsa. Ka isa kasuwa?"

"Na wuce ta."

"Ka ga ci gaba ke nan."

Majalisa ta sake zama ta soke kalmar hatsari, ta ce daga yau sunansa isowa da wuri. Aka kuma yanke shawarar matsar da kasuwa gaba kaɗan, zuwa inda babura ke tsayawa da kansu. Jatau ya samu lambar yabo ta wanda ya fi kowa sauri, Shugaba da kansa ya rataya masa.

A wurin bikin ne Shugaba ya yi albishir cewa tun da Kamar-Shi ya yi nasara a babura, an saka shi a motar da ke kai yara makaranta. Aka yi tafi sosai.

'Yar Jatau, Ladiyo, tana aji uku, kuma a motar nan take zuwa makaranta. Yanzu kullum da safe yakan dogara sandarsa ya sauka gindin tudu, ya tsaya a ƙofar makaranta, yana sauraron kukan birki.