Tsagar da Ke Ƙarƙashin Fenti

"Sannu da hutawa, tsoho. Har yanzu ba a zo an kwashe ka ba?"

"In tafi in bar ki da takaba? Ƙaraso, amarya. Cire kwanon nan daga kanki, sai ka ce tukunyar da aka kife."

Tsohon yana zaune a baranda, inda ake hango gadar ƙarfen da ta ratsa kogi. Shekara talatin da huɗu ya yi yana kankare mata tsatsa yana shafa mata fenti, kafin gwiwa ta zaunar da shi. Jikarsa injiniya ce. Ita aka turo ta duba gadar, ta rubuta ko manyan motoci za su ci gaba da hawa. Ta ajiye hular kwanon, ta zauna a kan benci.

"Daga wajen yayarka nake," in ji ta, tana nuna gadar.

"Yayata? Na girme ta da wata biyar. Ranar da aka buɗe ta ina goye, kuma ni na fara tsallaka ta."

"Goye? Ai mai goyon ce ta tsallaka, kai kaya ne."

"Ji mara kunya! Ƙusa dubu arba'in ke jikin gadar nan, kowacce da wuta aka dasa ta, babu walda ko ɗaya. Shekarar babbar ambaliya ruwa ya tafi da rabin kasuwa, ita ko gezau."

"Yanzu dai tana kuka in tirela ta hau, kamar yadda kake yi in za ka miƙe."

"Gaisuwa ce take yi. Ku da kuka yi karatu a ɗaki mai sanyi ina za ku ji yarenta?"

"To fassara mini. Na'urarmu ta nuna wani abu a saman ginshiƙi na uku, ta gefen da ruwa ke bugowa. Fenti ya yi kauri a wurin, kuma babu komai a fayil. Duk waɗanda suka yi aiki a gadar a zamaninku sun rasu, sai kai, don taurin kai."

"Na'urarki yunwa take ji."

"Jibi zan sa hannu, Kaka. In na ce lafiya, tankokin mai za su ci gaba da bi. In na ce a hana su ba hujja, shugabana zai yaga takardar ya turo wani."

Tsohon ya juya ya kalli gadar. Wata motar siminti tana tsakiyarta, tana tafiya a hankali. Ya bi ta da ido har ta sauka.

"Tsaga ce," in ji shi. "Tsawon ɗan yatsa. Bayan ambaliyar na gan ta. Na gaya wa mai kula da aikin, ya ce in rufe da fenti, za a zo a gyara. Ba a zo ba. Duk lokacin da za mu sake fenti nakan kankare wurin in auna da tsinken ashana. Har na bar aiki ba ta ƙaru ba."

"Yau shekara goma sha ɗaya da barinka aiki."

"Na iya lissafi."

"Wa ke aunawa tun daga nan?"

Ya dafa bango ya miƙe, ya shiga ɗaki. Ta ji yana jan akwati. Ya fito da wata ƙaramar guduma, ƙotarta ta yi baƙi don riƙo, ya ɗora mata a cinya.

"Ki lalubo bayan ƙusa ta shida daga ƙasa, ki buga. Lafiyayyen ƙarfe yana amsawa da zaƙi. Mai tsaga kuwa muryarsa a dashe take."

"Kamar taka ke nan."

"Kamar tawa," in ji shi, ya yi dariya har da tari. "Shi ke nan, kin ci. Ta tsufa. Hana manyan motocin."

"Direbobi za su zage ni. Zagayen awa biyu ne."

"Su zaga. In sun tambayi wanda ya sa ki, ki ce mijinki ne, kuma yana baranda yana jiransu."